Sunan da Ba a Kira a Gidan Kawu Jaji

Zailani taubashina ne. Mahaifinsa, Kawu Jaji, yayan mahaifiyata ne, don haka tun muna yawo ba wando muke tsokanar juna, ni in ce masa bawana, shi ma ya ce ni ne bawansa, har furfura ta fara fito mana ba a raba gardamar ba. Na faɗi wannan tun da wuri ne don kada wani ya ji ina yi masa shaƙiyanci ya zaci ƙiyayya ce. Duk dangi ba wanda nake jin tausayinsa kamar shi.

Shi ne ɗan fari a rugar Kawu Jaji da ke bayan Miga. Wanda ya tashi cikin Fulanin wajenmu ya san abin da hakan ke nufi. Uwa ba ta kiran sunan ɗan farinta, uba ma haka, ba sa yi masa wasa a gaban mutane, ba sa yabonsa. Kunya ce, kuma a wurinmu ado ce. Sai dai kowane gida da irin riƙon da yake yi mata, Kawu Jaji kuwa hannu biyu ya sa ya riƙe tasa. In yana son Zailani ya kawo masa ruwa sai ya dubi sama ya ce, "Wani ya kawo ruwa." In baƙo ya tambayi yara, sai ya ambaci Sagiru da sauran ƙanne ɗaya bayan ɗaya, ya rufe da cewa, "Sai wancan." Dada, mahaifiyarsa, ta fi Kawu ma. Ita ko tambaya ya yi mata ba ta amsa masa kai tsaye, sai ta juya ta gaya wa ƙwaryar da take wankewa, ko ta gaya wa Sagiru, shi kuma ya tsinta a iska.

Da aka zo neman yaran da za a sa a boko, Kawu ya ba da wancan, ya riƙe Sagiru a bayan shanu. A makaranta kuma malamai da sunan gari suke kiran yaro, sai ya zama Miga. Miga ya yi firamare, Miga ya yi sakandare, Miga ya koyi buga tafireta a Kano. Da aka yanke mana Jigawa aka ce Dutse ce babban birni, yana cikin waɗanda aka kwaso. Wanda bai ga Dutse a shekarun nan ba ba zai gane ba: gari ne na duwatsu da itatuwan dabino, rana ɗaya aka sauke masa ma'aikatan jiha guda, kowa na neman ɗakin da zai ajiye katifa, ranar Juma'a kuma a watse a koma Kano kamar an yi gobara. Zailani bai da gidan da zai koma a Kano, sai ya kama ɗaki a Limawa ya zauna. Ni ma a unguwar na buɗe shagon ɗinkina. A sakatariya ya sami ƙarin girma, daga Miga ya zama Malam Miga. Ya auri Madina 'yar Aujara, yarinya mai hankali, ita kuma ko a mafarki ba za ta kama sunan miji ba, Malam take ce masa.

Wata rana yana zaune a bencin shagona yana ɓare gyaɗa ya ce, "Ka san wani abu, Tasi'u? In na mutu sai an yi tambaya kafin a san sunan da za a sanar a masallaci."

Na ce, "A ce bawan Tasi'u ya rasu, kowa zai gane."

Ya yi dariya, ni ma na yi. Ban san maganar daga can ƙasan ciki ta fito ba.

Ba wai bai yi ƙoƙari ta hanyar da kowa ke bi ba. Duk Sallah sai ya je ruga da turmin shadda da gishirin shanu, ya ajiye a gaban Kawu, Kawu ya dubi bishiyar da ke bayansa ya ce, "Madalla." Shekarar da Sagiru ya dawo da garke daga kudu ko maraƙi bai ɓata ba, Kawu ya tashi tsaye a gaban jama'a ya ce, "Sagiru namiji ne." Ina kusa da Zailani a lokacin. Ya taya murna, har da dafa kafaɗar ƙanin nasa, amma ranar bai ci tuwo ba.

Da shari'a ta zo, majalisu suka canja. Karta ta ɓace daga gindin bishiya, gidajen kallo wasu suka rufe, wasu suka koma nuna wa'azi. Mutum irin Zailani, wanda ba ya noma a Dutse kuma ba ya kasuwa, in ya tashi daga aiki sai yamma ta yi masa tsawo. Ana haka bayan 'yan shekaru wani yaro mai suna Mu'az ya buɗe kafe na intanet kusa da shagona, kwamfutoci 'yan kaɗan a wani ɗaki mai zafi kamar tanda, da janareta a baya mai tari kamar tsohon mashayin taba. A lokacin ofishinsu ya riga ya ajiye tafireta ya koma kwamfuta, don haka hannun Zailani ya saba. Aiken ofis ne ma ya fara kai shi wurin. A nan ya tarar da wani ɗan bautar ƙasa yana wani wasa, ya tsaya a bayansa yana kallo, ɗan bautar ƙasa ya gama shekararsa ya tafi garinsu, ya bar mana Zailani a kan kujerar.

Wasan yana da suna na Turanci wanda bai taɓa zama a kaina ba, mu wasan sarauta muke ce masa. Wata duniya ce aka zana, da birane da dazuzzuka da dodanni, mutane daga ƙasashe daban-daban kowa ya shiga da ɗan mutum-mutuminsa, a haɗu a yi runduna, a yi yaƙi, a ci gari. Duk abin da ka yi ana ƙara maka daraja, akwai kuma wani allo da ake jera sunayen gwanaye, na sama shi ne shugaban mayaƙan duniyar gaba ɗaya. Zailani ya fassara mini sarautar da Sarkin Yaƙi. Ranar da zai shiga, wasan ya nemi ya ba da sunan da za a san shi da shi. Sauran mutane sunayen ƙarya suke sawa, wannan Zakin Arewa, wancan Baƙin Maciji. Shi ya daɗe yana kallon wurin, sannan ya rubuta Zailani.

Wasu samari masu sa ido kan shari'a sun taɓa shigowa su duba ko caca ake yi ko kallon banza. Suka tsaya a kansa. Ya ce musu yaƙi ne. Suka ce da wa? Ya nuna musu wasu halittu kamar tururuwa suna kai da kawo. Babbansu ya matso da fuskarsa ya ƙura ido, ya dubi Zailani da gemunsa da hularsa ta ma'aikacin gwamnati, ya ce, "Allah ya ba ka lafiya, Malam," suka fita. Na yi sati ina gaishe shi da wannan addu'ar.

Sai da ya ja ni ciki wata yamma na ga abin da ya kama shi. A gefen allon kwamfutar akwai wurin da 'yan rundunarsu ke rubuta wa juna magana, rubutun na gudu sama kamar ruwa. Ni Turancina na awon wuya da hannu ne, amma kalma ɗaya na gane, don ta cika wurin. Ya riƙa nuna mini da yatsa yana fassarawa. "Wannan cewa ya yi, ina Zailani? Wannan ya ce, ku jira Zailani. Wannan kuma ɗan Malesiya ne, ya ce Zailani ya iso, mu tafi. Ka san a ƙasarsu ma akwai masu sunan?" Aikinsa a rundunar shi ne garkuwa, shi ke shiga gaba ya sha dukan dodo sauran su sami damar sara. Ba kowa ke son aikin ba, don wahala ce zalla, shi kuwa tun yana yaro ya iya tsayawa a yi ta yi masa abu bai ce uffan ba. Cikin ɗan lokaci ba a fita yaƙi sai da shi.

Na ce, "To ai bawana, ba ji kake yi ba, gani kake yi. Kwamfutar Mu'az ko lasifika ba ta da ita."

Bai ɗauke ido daga allon ba ya ce, "Ya fi babu."

Daga nan ya tafi. Jikinsa na Limawa, amma mutumin yana can. Ya rame, idanunsa suka yi ja, takardun ofis suka taru a teburinsa. In an ɗauke wuta yana tsakiyar yaƙi, ka ga babban mutum ya fita da gudu yana taya Mu'az jan igiyar janareta. Madina ta zo shagona da sunan kawo ɗinki, ta tsaya tana murza bakin mayafi, ta ce, "Yaya Tasi'u, don Allah ka yi wa Malam magana. Ko yana gida ba ya gida." Na yi masa magana, da wasa da faɗa duka. Ya ce in ƙara masa haƙuri, ya kusa. Kullum ya kusa. Sunan nasa na hawa allon nan a hankali, duk hawa ɗaya sai ya leƙo shagona ya sanar da ni kamar an yi masa haihuwa.

Haihuwar gaske kuma da ta zo, ga yadda ta kasance. Madina ta tafi gidansu Aujara goyon ciki, ta sauka lafiya, namiji. Ranar suna dangi suka cika gida, har Kawu Jaji ya zo da kansa, don sunansa za a sa wa yaron. Aka raɗa suna, aka yanka rago, aka raba goro, babu uban jariri babu dalilinsa. Ni na san inda yake. Rundunarsu ta kewaye wani birni tun jiya, garkuwa ba ya tashi. Ina ta zufa ina shirya ƙaryar da zan yi, sai na ji wani dattijo yana cewa, "Kun ga ɗan halak. Ɗan fari aka haifa masa, kunya ta hana shi nuna fuska. Yaran yanzu har ɗaukar jariri suke yi a gaban surukai." Nan take wuri ya ɗauka. Aka yi ta sa masa albarka, ana cewa boko bai lalata shi ba. Kawu Jaji ya gyara zama, ya dubi rumfar da ke kansa, ya ce, "Wancan ya san abin da ake ciki."

Tun da nake ban taɓa jin Kawu ya yabe shi ba sai ranar, kuma a kan abin da bai yi ba. Na dawo Dutse raina a ɓace, na same shi a kafe na gaya masa, da niyyar kunya ta kama shi. Ya saki abin da ke hannunsa. Ya ce in maimaita. Na maimaita. Ya ce, "Wancan dai ya ce?"

"Wancan ya ce."

Ya juya ya ci gaba da yaƙinsa.

Ya taɓa gwada kai labarin wasan gida. Wata Sallah muna zaune a gaban Kawu, ya dubi Sagiru, don ba zai dubi Kawu ba, ya ce yanzu akwai mutane a Malesiya da Brazil da ƙasar Turawa da suka san shi, in ya makara har cigiyarsa suke yi. Sagiru ya ce to. Kawu ya tauna goronsa, ya ce wa sandarsa, "A tambayi wancan ko ana tatsar abin." Aka yi dariya, har da ni, don maganar ta yi daɗi. A hanyar dawowa ne Zailani ya gaya mini lissafinsa. Ya ce ya haƙura da sunan, ya san Baffa, haka suke ce wa Kawu, ba zai taɓa kira ba. Amma a al'adarmu in mutum ya sami sarauta, ko ubansa yana iya kiransa da ita ba tare da ya karya kunya ba. In ya hau saman allon nan ya zama Sarkin Yaƙi, zai sa labarin ya kai ruga, ko da wasa, ko da gatse, wata rana Baffa zai ce, "Ina Sarkin Yaƙin?" Shi ke nan, shi ya ishe shi.

Na ce, "Sarautar da ba rawani, ba doki, ba ko ɗan maroƙi?"

Ya ce, "Ba wancan ba ce dai."

Na so in yi dariya, ta ƙi fitowa. Mutum mai mata da ɗa, ma'aikacin gwamnati, ya zauna ya ƙulla wannan lissafin shi kaɗai, kuma ya yarda da shi.

Wata Asabar ce da damina. Da hantsi wani direba ɗan Miga ya tsaya a ƙofar shagona, ko inji bai kashe ba, ya ce Sagiru ya ce jikin Kawu ya yi tsanani, mu taho yau. Na rufe shago na shiga kafe. Na tarar da Zailani ya yi wanka ya sa fararen kaya kamar mai zuwa ɗaurin aure. Ranar ce ranar babban yaƙin da suka yi watanni suna shiri, wanda in sun ci shi zai hau sama. Mutanen can ne suka sa lokaci, ya faɗo bayan azahar a wajenmu.

Na gaya masa saƙon. Fuskarsa ta canja, ya miƙe tsaye, sannan ya dubi allon. Rubutu na ta gudu, sunan nan na ta bayyana.

Ya ce, "Baffa ya sha yin irin wannan ciwon ya tashi."

Gaskiya ne, sau biyu ana tara mu a kansa yana miƙewa ya bi shanu. Na ce, "Sagiru ba ya aike a banza."

"In na tashi yanzu rundunar ta watse, Tasi'u. Ba su da wata garkuwar. Kafin la'asar an gama. Ka yi gaba, ina bayanka. Ka ga ma sai in je masa da labarin."

Na zage shi zagin da ba na taubasantaka ba, na fita. Na hau mota zuwa Jahun, daga nan na sami ɗan acaɓa, muka yi ta faɗawa taɓo har ruga.

Na tarar da Kawu a kwance a ɗakinsa, ya zama ɗan ƙarami a cikin bargo. Dada na zaune wajen kansa, Sagiru na riƙe da hannunsa, limamin rugar, Malam Ɗan'inna, ya sunkuya kusa da kunnensa yana maimaita masa kalmar shahada a hankali. Ɗakin ya cika, sai na tsaya a bakin ƙofa. Ana yayyafi, ruwa na ɗiga daga bakin ciyawa a kafaɗata. Can Kawu ya buɗe ido. Ya dubi ƙofa, inda nake tsaye na tare haske, ya daɗe yana dubawa. Leɓɓansa suka motsa. Abin da ya fito ba shi da kai ba shi da ƙarshe, numfashi ya cinye farkonsa ya cinye ƙarshensa, tsakiyar kawai ta iso kunnena: "…aila…" Daga nan bai ƙara ba.

Sagiru ya ɗago ya dube ni, ni ma na dube shi. Malam Ɗan'inna ya shafa idanun Kawu ya ce, "Alhamdu lillahi. Ya cika da la'ilaha illallahu."

Aka yi masa sutura, aka kai shi bayan la'asar. Zailani ya iso rana na shirin faɗuwa, fararen kayan nan sun zama ja har gwiwa. Sun ci yaƙin. Tun daga nesa ya ga tabarmi a shimfiɗe da mutane a zaune, tafiyarsa ta canja. Sagiru, wanda bai taɓa ɗaga murya a gaban yayansa ba, ya tashi ya tare shi a tsakiyar fili, yana kuka yana cewa, "Baffa ya kira ka! Ya dubi ƙofa ya kira ka, da sunanka, ba ka nan!"

Zailani ya zauna a ƙasa, a cikin taɓon.

Malam Ɗan'inna ya daka wa Sagiru tsawa. Ya ce ya ji tsoron Allah, kada baƙin ciki ya sa ya cire wa mahaifinsa kalmar shahada daga baki, shi da kunnensa ke kusa ya fi kowa jin abin da aka faɗa. Washegari Sagiru da kansa ya zo ya ba da haƙuri, ya ce zafin rai ne, shi ma yanzu da ya yi tunani shahada ce. Duk wanda ya zo gaisuwa a kwanakin makoki sai a gaya masa Malam Jaji ya cika da kalma, ya ce kai, ya dace, Allah ya sa mu ma mu samu. Zailani na zaune a kan tabarma yana amsawa da amin, kuma na san har zuciyarsa yake faɗa. Wane ɗa ne ba zai so wa ubansa wannan ba?

To ka ga inda aka bar shi. In sunansa Kawu ya kira, to abin da ya nema tun yana yaro ya zo, ya same shi a gaban kwamfutar Mu'az, kuma tsohon ya tafi da sunan ɗa a baki a maimakon sunan Allah. In kuwa shahada ce, Kawu ya dace, shi kuma wancan ne har abada. Ba wadda zai roƙa a cikin biyun bai ji kamar ya yi laifi ba. Ya ja ni bayan garke ya ce, "Kai kana bakin ƙofa. Me ka ji?" Na gaya masa abin da na ji, ban ƙara ba ban rage ba. Ya yi ta juya ɗan guntun sautin a bakinsa, ya sa masa "za" ta Zailani a gaba, ya cire ya sa "la" ta la'ilaha. Duka biyun sun zauna daram.

Ya koma kafe, kada ka yi zaton ya daina. Ina kuma zai je? Sunansa ya zauna a saman allon na ɗan wani lokaci, bai leƙo shagona ya sanar da ni ba, Mu'az ne ya gaya mini. Daga baya masu wasan suka share allon aka sake sabon zubi, kowa ya koma ƙasa. Ya sake kama hawa, amma kamar mai tauna abincin da ba gishiri. Ɗan Malesiya ya yi aure ya ɓace, sauran ma suka zube ɗaya bayan ɗaya. Wata rana ya buɗe ya tarar da 'yan layuka na godiya da ban kwana, an rufe wasan gaba ɗaya, da biranen da dodannin da allon. Mu'az ma bai daɗe ba ya sayar da kwamfutocin ya koma sayar da wayoyin hannu.

Madina ta zauna, Allah ya saka mata. Zailani yana nan a sakatariya, Malam Miga, ba ya gaba ba ya baya. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne ranar da na je gidansa muna cin abinci, ɗan nasa na wasa a tsakar gida, mai sunan Kawu, kuma ɗan fari. Zailani ya ƙware, ya dubi rufin kwano ya ce, "Wani ya kawo ruwa." Na ajiye cokali na dube shi. Bai ma san ya faɗa ba.

Mutum ɗaya ce bai taɓa tambaya ba, ita ce Dada, wadda ta fi kowa kusa da bakin Kawu a ranar. Sai da ta tsufa ƙwarai, ido ya fara gazawa, sannan ya ce in kai shi a babur ɗina. Muka same ta a inuwar ɗaki tana goge ƙwarya da tsumma. Muka gaisa, wato ni na gaishe ta ta amsa, shi ya gaishe ta ta tambaye ni ya hanya. Ya durƙusa nesa kaɗan, kansa a ƙasa, ya ce, "Dada, ranar da Baffa zai cika, me ya ce?"

Hannunta ya tsaya a kan ƙwaryar. Sannan ta ci gaba da gogewa, ta ce wa ƙwaryar, "Hadari na haɗuwa, masu tafiya su kama hanya."

Muka hau babur. Ya matso da bakinsa kusa da kunnena ya ce, "Ka gani? Ba ta maimaita ba. Da shahada ce me zai hana ta faɗa? Abin da bakinta ba zai iya kamawa ba ne, Tasi'u. Sunana ne." Na ja babur. Muka yi ta tafiya tsakanin gonakin gero, yana ta magana a bayana, har da 'yar dariya. Can maganar ta fara raguwa, ta ƙare. Mun kusa Jahun ya taɓa kafaɗata ya ce in tsaya.

Ya sauka ya tsaya a bakin hanya ya ba ni baya. Ya ce, "Amma fa Dada ba ta taɓa amsa mini tambaya ba. Ko da tambayar ina tulu yake ce."

Na kashe babur. Na rasa abin da zan ba shi, sai abu ɗaya da nake da shi, wanda ban saba ba har ya yi mini nauyi a harshe. Na ce, "Zailani."

Bai juyo ba. Ya ce, "Bari, Tasi'u. Ba a bakinka nake nemansa ba."